Yaƙin Yaman: yadda rikicin mulki ya rikiɗe ya zama gabar Sunna da Shi'a

Da asubahin ranar 26 ga Maris, 2015, jiragen yaƙin Saudiyya suka fara ruwan bama-bamai a kan San'a, babban birnin ƙasar Yaman. Jakadan Saudiyya a Amurka na wancan lokaci, Adil al-Jubair, shi ne ya sanar da fara farmakin daga birnin Washington, aka kuma raɗa masa suna Asifatul Hazm. Bayanin da ya fi yawo a kafafen labarai da kan mumbarori, har da na ƙasar Hausa, gajere ne mai sauƙin haddacewa: 'yan Shi'a masu samun goyon bayan Iran sun ƙwace mulki, ƙasashen Sunna kuma sun taso domin su ƙwato shi. Akwai gaskiya a cikin wannan bayani, amma ya sa ƙarshen labari a farkonsa. Duk wanda ya bi tarihin rikicin daki-daki zai ga cewa gabar mazhaba ba ita ta haifi yaƙin ba; yaƙin ne, tare da kuɗi da makaman da suka riƙa shigowa daga waje, ya ciyar da ita har ta girma ta kai inda take a yau.

'Yan Huthi, wato 'yan tawayen da suka ƙwace mulkin, sun fito ne daga cikin Zaidiyya, wadda mabiyanta suka kai kusan kashi ɗaya bisa uku na al'ummar Yaman, akasarinsu a tsaunukan arewa. Sauran jama'a, daga Ta'iz zuwa Tihama da Adan da Hadramaut, yawancinsu Shafi'iyya ne. Zaidiyya tana jingina kanta ga Zaid bin Ali, jikan Sayyidina Husaini, wanda aka kashe a Kufa a shekarar 740, kuma ta sha bamban da Shi'ar Imamai Goma Sha Biyu da ake bi a Iran. Ba ta da aƙidar Imamin da ya ɓuya, ba ta halatta auren mutu'a ba, kuma da yawa daga malamanta ba su yarda da zagin Sayyidina Abubakar da Sayyidina Umar ba. Sharaɗinta babba shi ne cewa shugabanci haƙƙi ne na Sharifi daga zuriyar Nana Faɗima, matuƙar yana da ilimi kuma ya fito fili ya yi tawaye ga zalunci. A fikihu kuwa ta yi kusa da mazhabobin Sunna ƙwarai, har ta kai ga manyan malamai irin su Amir as-San'ani da Imam Shaukani, waɗanda ake karanta littattafansu a zaurukan Kano da Sakkwato ba tare da wani ya ɗaga gira ba, a cikin gidajen ilimin Zaidiyya suka tashi kafin su kama hanyar ijtihadi.

Bambancin da talaka yake gani da idonsa a masallaci bai taka kara ya karya ba. Bazaide yana sakin hannu a salla kamar yadda Bamalike yake yin sadlu, Bashafi'e kuma yana kama hannu. Ladanin Zaidiyya yana ƙara "hayya ala khairil amal" a kiran salla, kuma ba sa cewa amin bayan Fatiha. Shekara da shekaru mai kabalu da mai sadlu suna tsayawa sahu ɗaya a Babban Masallacin San'a bayan liman ɗaya, suna auratayya, ba a kuma san masallacin wane da na wane ba. Abin da ya fi raba mutane a lokacin shi ne asali da matsayi: Sharifai a sama, alƙalai da malamai a bayansu, sannan 'yan ƙabilu masu riƙe da makami, sai masu sana'o'in da ake rainawa a ƙasa. Ƙorafin mutanen Ta'iz da Ibb a kan Imamai ya fi karkata ga haraji da ƙwacen amfanin gona da sojojin arewa suke yi musu, ba ga yadda ake ajiye hannu a salla ba.

Daular Imaman Zaidiyya, wadda Imam al-Hadi Yahya bin Husaini ya kafa a Sa'ada a 897, ta faɗi ne a ranar 26 ga Satumba, 1962, lokacin da sojoji ƙarƙashin Abdullahi as-Sallal suka kifar da Imam Muhammad al-Badr mako guda bayan ya gaji mahaifinsa. Yaƙin basasar da ya biyo baya, wanda bai ƙare ba sai 1970, ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne ya fi tona asirin bayanin mazhaba. Gamal Abdul Nasir na Masar ya tura dubun-dubatar sojoji domin su kare sabuwar jamhuriya. Wadda ta buɗe baitulmalinta ta ɗauki nauyin Imamin Zaidiyya da mayaƙansa kuwa ita ce Saudiyya, tare da taimakon Birtaniya da Jodan da Iran ta zamanin Shah. A wancan lokaci abin tsoron gidan sarautar Riyad shi ne guguwar kishin Larabawa mai rusa sarautu, saboda haka aƙidar Imam ba ta hana a ba shi zinariya da bindiga ba. Kakannin mutanen da jiragen Saudiyya suka yi wa luguden wuta a Sa'ada a 2015, da yawansu da kuɗin Saudiyya suka yi yaƙi shekara hamsin kafin nan.

Bayan an yi sulhu, jamhuriya ta mayar da Sa'ada saniyar ware, tana kallon Sharifai a matsayin ragowar tsohon tsari. Saudiyya kuma ta sauya salo: ta riƙa biyan shugabannin ƙabilu kuɗi kai tsaye, ta kuma tallafa wa wasu makarantun addini da aka sani da Ma'ahid Ilmiyya, waɗanda suka bazu a arewa suna koyar da manhajar da ba ta san da zaman fikihun Zaidiyya ba. Ali Abdullah Saleh, wanda ya hau mulkin Yaman ta Arewa a 1978 kuma shi kansa Bazaide ne ɗan Sanhan, bai ga aibun hakan ba, domin makarantun sun taimaka masa wajen yaƙar masu ra'ayin gurguzu da Yaman ta Kudu take mara wa baya.

Ƙauyen Dammaj, wanda ke kusa da garin Sa'ada, shi ne wurin da za a fi ganin wannan sauyi kusa da kusa. Shaikh Muƙbil al-Wadi'i ɗan yankin ne, an haife shi Bazaide daga gidan 'yan ƙabila, ba Sharifi ba. Ya yi karatu a Saudiyya har zuwa Jami'ar Musulunci ta Madina, aka kore shi a wajajen 1979 bisa zargin alaƙa da jama'ar Juhaiman, waɗanda suka mamaye Harami a Makka a 1979, ya dawo gida ya kafa Darul Hadis, wadda ta zama ɗaya daga cikin mashahuran cibiyoyin Salafiyya a duniya, ɗalibai suna zuwa mata daga Afirka da Asiya da Turai. Karɓuwar da ya samu a wurin matasan ƙabilu ba ta rasa nasaba da saƙon daidaito da ke cikin da'awarsa, wato cewa ilimi da taƙawa ne ma'auni, ba jinin da mutum ya gada ba. Ga Sharifan Sa'ada kuwa, wannan hari ne a tsakar gidansu: ana kiran ziyarar ƙaburburan Imamansu shirka, ana kiran al'adunsu bidi'a, ana jayayya a kan wanda zai yi limanci a masallatan da kakanninsu suka gina, har cewa amin da ƙarfi ta zama alamar ɓangaren da mutum yake.

Martanin Zaidiyya ya zo ne bayan haɗewar Yaman ta Arewa da ta Kudu a 1990, lokacin da aka ba da damar kafa jam'iyyu. An kafa jam'iyyar al-Haƙƙ, aka kuma soma sansanonin hutun bazara na ƙungiyar Shabab al-Mu'min domin koya wa yara mazhabar iyayensu. Husaini al-Huthi, ɗan babban malami Badruddin al-Huthi, ya wakilci al-Haƙƙ a majalisa daga 1993 zuwa 1997. Gwamnatin Saleh ta ɗan tallafa wa wannan farfaɗowa da farko domin ta rage ƙarfin jam'iyyar Islah mai alaƙa da 'Yan'uwa Musulmi, kamar yadda ta saba haɗa wannan da wancan. Ba za a musa tasirin Iran a tunanin gidan Huthi ba, domin Badruddin ya zauna a can na wani lokaci, kuma ɗansa yana yaba wa Khumaini a fili. Taken da Husaini ya fito da shi a farkon 2002, mai kiran mutuwa ga Amurka da Isra'ila da tsinuwa ga Yahudawa da nasara ga Musulunci, daga juyin juya halin Iran aka aro salonsa. Sai dai babu ambaton Ahlus Sunna a cikinsa, kuma wanda ya fara jin zafinsa shi ne Saleh, wanda ya riga ya ƙulla ƙawance da Amurka a yaƙi da ta'addanci. Da matasa suka fara rera taken a Babban Masallacin San'a bayan sallar Juma'a, aka kama ɗaruruwansu. A watan Yunin 2004 sojoji suka nufi tsaunin Marran domin kama Husaini, aka kashe shi a watan Satumba, jagoranci ya koma hannun mahaifinsa, daga baya kuma ƙanensa Abdulmalik.

Tsakanin 2004 da 2010 an gwabza yaƙi sau shida a Sa'ada, kowane zagaye yana faɗaɗa fagen daga, domin duk ƙauyen da aka rusa yana ƙara wa 'yan tawaye mayaƙa daga ƙabilun da ba ruwansu da wa'azin Husaini. Kwamandan gwamnati a yaƙin, Janar Ali Muhsin al-Ahmar, ya yi amfani da mayaƙan sa-kai masu ra'ayin Salafiyya, abin da ya fara shafa wa rikicin launin aƙida. Saleh ya yi ta shaida wa Riyad da Washington cewa Iran ce take ba 'yan Huthi makamai, domin ya san wannan ita ce kalmar da ke buɗe aljihu. Amma wasiƙun sirri na ofishin jakadancin Amurka da WikiLeaks ya fallasa sun nuna cewa a 2009 jami'an Amurka ba su gamsu da hujjojinsa ba, suna ganin yawancin makaman daga kasuwar bayan fage aka saye su, wasu ma daga hannun sojojin gwamnati. A Nuwambar wannan shekara Saudiyya ta shiga yaƙin da kanta bayan arangama a kan iyaka, ta yi asarar sojoji fiye da ɗari.

Boren da jama'a suka yi a 2011 ya kawo ƙarshen mulkin Saleh ta hanyar yarjejeniyar da ƙasashen yankin Gulf suka tsara, wadda ta ba shi kariya daga tuhuma, ta bar shi a cikin ƙasa da dukiyarsa da biyayyar rabin sojoji. Mataimakinsa Abdurabbu Mansur Hadi ya gaje shi a Fabrairun 2012 a zaɓen da shi kaɗai ne ɗan takara. Taron tattaunawar ƙasa ya ƙare a Janairun 2014, sannan wani kwamiti ya ba da shawarar raba Yaman zuwa yankuna shida, inda aka jefa Sa'ada cikin yankin Azal, wanda ba shi da gaɓar teku, ba shi da mai. 'Yan Huthi suka ƙi. A watan Janairun ne kuma, bayan ƙawanya da luguden wuta na watanni daga 'yan Huthi, aka kwashe ɗaliban Dammaj da iyalansu daga ƙauyen baki ɗaya. Daga nan mayaƙan suka gangaro kudu, suka murƙushe gidan al-Ahmar na ƙabilar Hashid, suka tarwatsa gidan gadonsu da nakiya, suka kama Amran a watan Yuli. Da gwamnati ta cire tallafin man fetur a ƙarshen wannan wata, sai suka sami taken da ya jawo musu jama'a daga kowace mazhaba. San'a ta faɗa hannunsu ranar 21 ga Satumba, 2014, kusan ba tare da turjiya ba, saboda rundunonin da ke biyayya ga Saleh, mutumin da ya yaƙe su sau shida, sun buɗe musu ƙofa domin ya rama abin da Islah da Ali Muhsin suka yi masa a 2011.

Abubuwa da dama suka haɗu suka sa Riyad ta zaɓi yaƙi. Wani ɗan majalisar Iran, Aliriza Zakani, ya yi alfaharin cewa San'a ta bi sahun Bagadaza da Dimashƙa da Beirut wajen shiga hannun Iran; jiragen kamfanin Mahan na Iran sun fara sauka a San'a a farkon Maris; Amurka tana dab da kammala yarjejeniyar nukiliya da Tehran; ga kuma sabon ministan tsaron Saudiyya, Muhammad bin Salman, wanda ya yi wata biyu kacal a kujera. Ƙawancen ya haɗa da Hadaddiyar Daular Larabawa da Kuwait da Bahrain da Ƙatar da Jodan da Masar da Maroko da Sudan. Oman ta ƙi shiga, majalisar Pakistan kuma ta kaɗa ƙuri'ar zama 'yar ba-ruwanmu. Amurka da Birtaniya suka ba da makamai da bayanan sirri, Amurka har da zuba wa jirage mai a sararin sama. A ranar 14 ga Afrilu Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 2216 da ya buƙaci 'yan Huthi su janye su ajiye makamai. Najeriya da Chadi, waɗanda ke cikin kwamitin a lokacin, suna cikin ƙasashe 14 da suka amince, Rasha ce kaɗai ta ƙaurace. Sudan ta tura mayaƙa da yawa, ciki har da dakarun ko-ta-kwana (RSF) na Hamdan Dagalo da aka ɗebo daga Darfur, kuma a ƙarshen 2019 Firaminista Abdalla Hamdok ya ce an rage yawansu daga 15,000 zuwa 5,000.

A nan ne abin da ake tsoro ya tabbata saboda matakin da aka ɗauka na hana shi. Taimakon Iran kafin 2015 ƙarami ne, ko da yake an kama jirgin ruwan Jihan ɗauke da makamai a Janairun 2013. Bayan an rufe wa 'yan Huthi sama da teku, Tehran ta zama kusan ita kaɗai ce ƙofarsu, ita kuma ta ga hanya mai arha ta zubar wa abokiyar hamayyarta jini. Masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya sun gano cewa makami mai linzamin da aka harba filin jirgin Riyad a Nuwambar 2017 yana da siffofin ƙirar Iran. A ranar 14 ga Satumba, 2019, harin da aka kai cibiyoyin man Saudiyya na Abƙaiƙ da Khurais ya tsayar da haƙar ganga miliyan 5.7 na mai a rana. 'Yan Huthi suka ɗauki alhaki, Saudiyya da Amurka suka ce Iran ce ta kai shi. A 2020 Tehran ta tura Hasan Irlu San'a a matsayin jakada.

Ɓangaren da ake kira na Sunna kuwa bai taɓa zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya ba. Daular Larabawa tana ƙin Islah saboda alaƙarta da 'Yan'uwa Musulmi, don haka ta horar da dakarunta a kudu, ta mara wa Majalisar Riƙon Ƙwarya ta Kudu baya, wadda aka kafa a 2017 ƙarƙashin Aidarus az-Zubaidi da burin ɓallewa. A watan Agustan 2019 waɗannan dakaru suka kori gwamnatin Hadi daga Adan, jiragen Daular Larabawa kuma suka kai wa sojojin gwamnatin da aka zo cetowa hari. Duka ɓangarorin Shafi'iyya ne. A arewa ma ƙawancen Zaidawa biyu ya watse, 'yan Huthi suka kashe Saleh ranar 4 ga Disamba, 2017, kwana biyu bayan ya miƙa wa Riyad hannu, ɗan ɗan'uwansa Tariƙ Saleh kuma ya koma yana yaƙarsu a gaɓar Bahar Maliya da kuɗin Daular Larabawa.

Hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa zuwa ƙarshen 2021 yaƙin ya ci rayuka 377,000, kusan kashi 60 cikin ɗari ta hanyar yunwa da cuta da rashin magani. Jiragen ƙawance sun kashe mutum kusan 140 a zauren zaman makoki a San'a a Oktoban 2016, sun kuma kashe yara 40 a cikin motar makaranta a kasuwar Dahyan a Agustan 2018. 'Yan Huthi sun yi wa Ta'iz ƙawanya na shekaru, sun binne nakiyoyi a gonaki da hanyoyi, sun ɗauki yara aikin soja. Waɗanda ake zaton sun kamu da kwalara sun haura miliyan ɗaya kafin ƙarshen 2017. Amma abin da ya fi shiga kowane gida shi ne mayar da babban banki daga San'a zuwa Adan a Satumban 2016, wanda ya sa albashin malaman makaranta da ma'aikatan asibiti a arewa ya tsaya. A ƙarshen 2019 hukumomin San'a suka haramta sababbin takardun kuɗin da Adan ta buga, ƙasa ɗaya ta koma da riyal iri biyu: a 2024 dala tana kusan riyal 530 a San'a, a Adan kuwa ta haura 1,500, ta yadda ɗan ƙwadagon da ke aika wa mahaifiyarsa kuɗi daga kudu zuwa arewa yakan ga fiye da rabinsu ya narke a wurin canji.

A cikin wannan hali ne gabar mazhaba ta zama gaskiya mai tsayawa da ƙafarta. Kwana shida kafin fara farmakin Saudiyya, 'yan ƙunar baƙin wake na ƙungiyar IS (Da'ish) sun tayar da bama-bamai a masallatan Badr da al-Hashush ana tsakiyar sallar Juma'a, suka kashe fiye da mutum 130, abin da San'a ba ta taɓa gani ba. Kalmomin da aka aro daga Iraƙi da Siriya suka zama ruwan dare: wannan ɓangare yana kiran wancan Rafilawa da Majusawa, wancan kuma yana kiran duk mai adawa da shi ɗan takfiri ko ɗan Da'ish. 'Yan Huthi, da suka sami mulki, sun sauya limamai, sun gyara manhajar makarantu, sun mayar da bikin Ghadir taron gwamnati, sun kuma fitar da ƙa'idar khumusi a 2020 wadda ta ware wa Banu Hashim kaso daga arzikin ƙasa, lamarin da ya sa har wasu malaman Zaidiyya suke zarginsu da jan mazhabar zuwa ga tsarin Iran da kuma dawo da mulkin Sharifai ta bayan gida. Yaron da aka haifa a Sa'ada ko Ma'rib a 2010 bai san zamanin da ake sahu ɗaya ba, kuma wannan ɓarna ce da sa hannu a takarda ba zai gyara ta da wuri ba.

Duk da haka, da masu ɗaukar nauyin yaƙin suka gaji, wutar ta lafa cikin sauri. An tsagaita wuta ranar 2 ga Afrilu, 2022, kwana biyar bayan haka aka sa Hadi ya miƙa mulki a Riyad ga majalisar shugabanci ƙarƙashin Rashad al-Alimi. A ranar 10 ga Maris, 2023, Saudiyya da Iran suka amince a Beijing za su maido da hulɗar jakadanci, a watan Afrilu kuma jakadan Saudiyya Muhammad al-Jabir ya isa San'a tare da masu shiga tsakani daga Oman, aka ɗauki hotonsa yana musabaha da Mahdi al-Mashat, shugaban majalisar mulkin 'yan Huthi. Abubuwan da aka baje a kan tebur su ne biyan albashi daga kuɗin mai, buɗe filin jirgin San'a da tashar Hudaida, musayar fursunoni, buɗe hanyoyin Ta'iz da jadawalin ficewar sojojin waje. Tattaunawar ta tsaya cik bayan ɓarkewar yaƙin Gaza, lokacin da 'yan Huthi suka kama jirgin ruwan Galaxy Leader a Nuwambar 2023 suka shiga kai wa jiragen kasuwanci hari a Bahar Maliya, Amurka da Birtaniya kuma suka fara kai musu farmaki a Janairun 2024. Saudiyya, wadda ta shafe shekara bakwai tana yi musu ruwan wuta da sunan daƙile Iran, ta ƙi shiga wannan sabon farmaki, yayin da jama'a da dama a ƙasashen Sunna, waɗanda a baya suke tsine musu, suka koma yaba musu saboda Falasɗinu.